Ranar da muka kai Baba filin kokowa a Matameye

 Tun ranar Litinin kuke bugowa kuna tambayar abu ɗaya: me ya sa muka yi shiru kusan minti biyu ana tsakiyar kawo muku kokowar Matameye kai tsaye? Wasu sun ce rezo ne ya ɗauke. Wani daga Dungu ya rantse gurup ne ya mutu. To, babu ko ɗaya. Mikoro yana hannunmu, a kunne yake, mai kula da na'ura yana ta yi mana alama da hannu. Mu ne dai muka kasa magana. A radiyo lokaci gajere ne, shi ya sa muka ce bari mu zauna mu rubuta muku yadda abin ya faru tun daga farko.

Kun san dalilin taron. 'Yan kasuwa da samarin yankinmu ne suka haɗa kuɗi bayan an gama girbi, suka ce a yi kokowar yini guda don tunawa da takubban da Damagaram ta ɗauka, a kuma karrama tsofaffin da suka taɓa shiga fili da sunan jiha. Na ƙarshe da muka gani shi ne na Tasi'u Sani, a karo na 39, a gida, a filin Langa-Langa na Damagaram, lokacin sanyi, shekarar 2018 tana shigowa. Kafin shi akwai na Aliyo Salau a Yamai a 2013. Tun daga na Tasi'u takobi bai sake kwana a jiharmu ba. Kadri Abdu, wanda kowa ya fi sani da Isaka Isaka na Dosso, ya tattara har guda 6, na shidan a Agadas a watan Disamban 2023. Na 2024 kuma a Dosson aka shirya yi, a gidansa. Saboda haka taron na Matameye rabinsa murna ne, rabinsa kuma, mu faɗi gaskiya, lallashin zuciya ne kafin a tafi.

Daren na 2018 ba mu samu zuwa Damagaram ba. A gaban tele ɗin mai shayi muka kalla, wadda ke aiki da batir da fano, mu fi ɗari a tsaye, yara a kan katanga. Da aka gama babu wanda ya tuna da kuɗin shayi. Har gobe mai shayin yana cewa bashin takobi bai gama fita ba.

Ga ƙannenmu da suka tashi suka iske abin a tele, bari mu ɗan koma baya, don labarin da za mu ba ku ba zai fahimtu ba sai an san yadda gasar take. An fara ta a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kunce, kuma Yakuba Kantu na Maradi ne ya fara ɗaukar takobi. Yanzu jihohi takwas ne, Agadas, Diffa, Dosso, Maradi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowace da 'yan kokowa goma, su 80 ke nan. Kowace jiha sai ta kara da sauran bakwai. Da zarar bayanka ko kanka ko mazauninka ya taɓa ƙasa sau ɗaya, kai da takobi sai wata shekara. Amma ba gida za ka koma ba. Gobe da safe kana cikin fili, jibi ma haka, har a gama zagaye. Kuma in aka haɗa ka da wani na wata jiha wanda bai taɓa faɗuwa ba, ka kada shi, to shi ma ya fita. Wannan shi ne wurin da mai kallo na nesa ba ya lura. Wanda ya riga ya faɗi ba shi da abin tsoro, shiga yake da ƙarfinsa duka. Wanda bai faɗi ba kuwa lallaɓa kansa yake kamar mai ɗauke da ƙwai. Sau da yawa manyan da ake tsoro a hannun irin waɗannan suke zubewa, su share wa ɗan jiharsu hanya. Ranar fanal mutum ɗaya ake naɗa wa rawani, a ba shi takobi da doki da miliyoyin sefa. Sauran taran su hau mota su koma gona.

Baba yana cikin irin waɗannan taran.

Ba za mu faɗi sunansa ba, shi ya roƙe mu. Mutanen Icirnawa sun san wanda muke nufi, dattijon da ke share masallacin unguwa, mai kiran asuba da murya ƙasa-ƙasa, wanda kunnensa na hagu ya naɗe kamar busasshen ganye. Abokin mahaifinmu ne, Allah ya jiƙan rai. Tun muna yara muke jin labarinsa a bakin mutane: wai zamanin Kunce, lokacin jihohin ma bakwai ne ana ce musu departama, ya shiga ekip ɗin Damagaram. Wai rana ta biyu wani ɗan Tawa ya kada shi. Wai bayan kwana uku aka haɗa shi da wani ƙato daga yamma wanda babu wanda ya taɓa gwada masa ƙasa, shi kuma ya ɗaga shi ya buga. Wai a shekarar takobi ya zo Damagaram.

Kun ji "wai" nawa muka jera? Haka muka riƙe labarin shekara da shekaru. Da muka tafi kwalej a Matameye muka koyi cewa abin da ba a rubuta ba labari ne kawai. Mun haddace taron Berlin na 1884 da 1885, mun haddace shigowar Faransawa Damagaram a 1899 da mayar da babban birni Yamai a 1926, muka ci jarrabawa da su. Da hutu ya zo muna zaune a dandali, wani ya ɗauko zancen Baba, sai ɗaya daga cikinmu ya ce, "Ina hoto? Ina takarda?" Muka yi dariya. Mun san ya ji, don yana wucewa da buta a lokacin. Bai waiwayo ba. Shi kansa ba ya ba da labarin. Ya daɗe da barin harkar, layu da guraye da kambunan da yake ɗaurawa an ce ya zuba su a tsohuwar rijiya ya bi da ƙasa. Sau ɗaya muka ji ya ce kokowa ba ta da laifi, ƙarfi ne da dabara, abin da suke ratayawa a damtse ne yake neman gafara a kai. Daga nan bai ƙara ba.

Yanzu ga inda kunyarmu take. Masu shirya taron sun kawo sanarwa gidan radiyonmu: duk wanda ya san tsohon ɗan kokowar da ya taɓa wakiltar jiha, ya aiko da suna. Da bakinmu muka karanta ta, sau uku a rana, har kwana biyar. Ko sau ɗaya Baba bai faɗo mana a rai ba. Shekara tara muna riƙe da mikoro, mun yi hira da masu unguwa, da likitocin dabbobi, da 'yan siyasa na kowane launi, har da mutumin da ya ce akuyarsa ta haifi 'ya'ya biyar. Gidan Baba kuwa taku nawa ne daga namu.

Daren Asabar surukarsa ta aiko yaro ya kira mu. Ta ce tun ranar da ya ji sanarwar ya sa aka wanke masa babbar rigarsa ta Idi, aka ninke, ya ajiye a kan gado. Bai ce zai je ba, bai ce a kai shi ba. Kullum dai sai ya duba ko rigar na nan. Ta ce, "Ku da kuke da mota ta aiki, in da wuri ku tahi da shi, don Allah."

Da safe muka same shi a ƙofar gida ya riga ya shirya. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Baba, za mu Matameye wajen kokowa. Ko za ka raka mu?"

"To, in ba zan takura muku ba. Dama ina da wanda zan gaida a can."

Ba shi da wanda zai gaida. Mu ma ba mu tambaya ba.

A hanya bai yi maganar kokowa ba ko kaɗan. Gonaki yake kallo yana lissafin wanda ya samu da wanda ruwa ya cinye. Damanar 2024 kun san yadda ta yi da mu, ita ce ta kwantar da tsohon masallacin Birni a Damagaram a farkon Satumba, ta sa aka ɗage komawa lakwal har ƙarshen Oktoba. Ya ce shi a rayuwarsa ya ga yunwa ta fari, bai taɓa zaton zai ga gero ya ruɓe a tsaye don yawan ruwa ba.

Mun isa wajen ƙarfe goma. An kewaye fili da zana da buhuna, an zubo rairayi mai laushi a tsakiya, an jera buhunan ƙasa a da'ira. Rumfa biyu, ɗaya ta manyan baƙi mai kujerun roba, ɗaya ta makaɗa. Sauran jama'a rana ce rumfarsu. Masu rake sun jibge shi kamar itacen girki, kun san yankinmu da rake in sanyi ya shigo. Ga masu awara, ga tsire, ga 'yan mata da kwaɗon zogale a kan faranti. Shiga dala ɗari ne. Mu muna da katin aiki muka wuce, sai yaron da ke ƙofa ya tare Baba da hannu.

"Tsoho, tikiti."

Muka ce ai tsohon ɗan kokowa ne, yana cikin waɗanda ake karramawa. Yaron ya zaro takarda daga aljihu, ya bi da yatsa, suna tara ne a jiki. Ya ce babu. Ba mu ga laifinsa ba, abin da aka ba shi ya karanta. Kafin mu buɗe baki Baba ya kwance bakin aljihunsa ya ƙirgo dala ɗari, 'yan ƙananan silalla, ya miƙa. Muka ce mu za mu biya. Ya ce, "Bari, ɗana. Kallo na zo." Muka samo masa benci kusa da teburinmu, bayan rumfar makaɗa, inda inuwa ke ɗan taɓawa.

Kokowar kanta ta yi kyau, kuma kun ji yawancinta. An zo daga Magariya, daga Mirya, daga Kance da Yawuri, har da wasu ƙarfafa biyu daga wajen Daura tunda an buɗe iyaka. Waɗannan ba 'yan wasan dandali ba ne, sana'arsu ke nan, daga wannan gari zuwa wancan duk rani, kowane kaye da kuɗinsa, ban da abin da masu so ke liƙawa. 'Yan cali-cali suka buɗe fili, ɗaya ya cusa tsumma a ciki ya ɗaura layu na kwali har wuya, yana kwaikwayon tafiyar manyan 'yan kokowa, iska ta kaɗa shi ya faɗi da kansa. Mun ga Baba ya rufe baki da hannun riga yana dariya.

Yaronmu na Icirnawa shi ne na huɗu a shiga, da wani ɗan Magariya. A radiyo mun ce "ya yi ƙoƙari". Yau dai mu gyara: ko minti ɗaya bai cika ba. Ɗan Magariya ya yi kamar zai kama wuya, yaron ya ɗaga kai, sai kawai aka ɗauke masa ƙafar dama. Tim. Muna cikin neman kalmar da za mu rufa masa asiri sai muka ji Baba a bayanmu yana magana shi kaɗai: "Tun yana kirari na san zai ba da ƙahwar nan. Nauyinshi duk a gaba yake." Daga nan muka fara sauraronsa da kunne ɗaya. Kafin a yi kaye sai ya faɗi wanda zai faɗi, da ta inda zai faɗi. A cikin karo goma sha ɗaya da aka yi kafin azahar sau biyu kawai ya kuskure, ɗayan ma alƙali ne ya raba da abartisma. Mu da muke kiran kanmu masana wasanni, rabin abin da muka faɗa muku da safiyar nan daga bakinsa muka tsinta, ba mu ce daga ina ba.

Bayan la'asar aka tsayar da kokowa don karramawar. Aka sa muryar fanal ɗin 2018 a manyan lasifika, jama'a suka yi ihu kamar yanzu abin ke faruwa, har da waɗanda a lokacin ba su fi shekara bakwai ba. Mai shela ya jero sunayen masu takobi, Langa-Langa, Balla Haruna, Aliyo Salau, Tasi'u Sani da sauransu, kowane suna da kiɗansa. Sunan Balla ne ya fi tayar da tsararmu, don shi ne na yarintarmu, shi muke zama in ana wasa a rairayin bayan lakwal, kowa ya ce shi ne Balla, a rasa wanda zai yarda a kada shi. Sannan aka fara kiran tsofaffin nan tara ɗaya bayan ɗaya. Wani da sanda, wani ɗansa na riƙe da shi, wani har yanzu ƙirjinsa kamar ƙofa. Kowa a ba shi yadin shadda da hula da ambulan, ya zaga fili a hankali, a tafa masa.

Na bakwai idonsa ya tafi, jikansa ke ja masa gora. Da suka zago ta bayan rumfar makaɗa, daidai bencinmu, Baba ya ce masa a hankali, "Sannu, maza." Ba da ƙarfi ba, wallahi mu da ke kusa da ƙyar muka ji. Tsohon ya tsaya cak. Jikan ya ja shi, ya ƙi motsi. Ya juyo, ya miƙa hannu yana lalube har ya samu kafaɗar Baba, ya hau zuwa wuya, ya kai ga kunnen nan na hagu. Ya riƙe shi.

"Na Icirnawa?"

"Ni ne."

"Kana da rai?"

"Ga ni, da sauran kwana."

"La ilaha illallahu. An ce mini ka rasu tun shekarar tsadar hatsi."

Sai ya ɗaga murya, irin muryar da ba a zaton tana cikin tsohon jiki, ya ce a kawo masa mai shela. Mai shela ya zo da mikoronsa yana zaton ƙorafi ne a kan ambulan. Tsohon ya karɓe mikoron ya ce wa jama'a shi ba zai ƙarasa zagayen nan ba sai da wannan mutum. Ya ce ɗaki ɗaya suka kwana a lakwal ɗin da aka sauke su a shekarar. Ya ce ranar da ɗan Tawa ya kada shi, bayan ajin ya zagaya ya yi kuka kamar yaro, shi ya je ya taso shi. Ya ce ƙaton nan na yamma, su duka ekip ɗin addu'a suke kada a haɗa shi da nasu wanda bai faɗi ba, sai ƙuri'a ta faɗa kan wannan. Ya ce a kunnen nan ƙaton ya riƙe shi ya murɗa har jini, bai saki ƙugunsa ba sai da ya kai shi ƙasa. Ya ce daren ranar a kafaɗa suka ɗauke shi har masauki. Duk abin da muka ji muna yara muka sa masa "wai", ga shi daga bakin wanda ya tsaya a wurin, har da abin da ba mu taɓa ji ba.

A cikin makaɗan akwai wani dattijo da tun safe bai taɓa ganga ba, yaransa ke yi. Ya miƙa hannu aka ba shi. Ya gwada wani take, ya girgiza kai. Ya sake gwada wani, ya tsaya. A na uku sai muka ga yatsun ƙafar Baba sun motsa a cikin takalmi.

Ya tashi. Ya cire hula ya ajiye a kan benci, ya tuɓe takalmi ya jera su. Ya shiga da'irar da babbar rigarsa, ba sauri, har tsakiya. Ya sunkuya, gwiwoyin na ƙara, ya ɗebi rairayi da hannu biyu ya murza a tafi, ya shafa a damtse, yadda kowane ɗan kokowa ke yi kafin ya kama. Jama'a suna jiran kirari. Bai yi ba. Ya tsaya kawai, hannuwa a buɗe, rairayi na zuba ta tsakanin yatsu, yana kallon wajen da abokin karo zai fito.

Wannan shi ne minti biyun da kuka ji shiru. Abin da kuka ji kamar iska a lokacin, ganga ce ɗaya da numfashinmu.

Da aka farfaɗo, fili ya rikice. Mata suka yi guɗa, samari suka tsallake buhuna, aka yi ta liƙa masa kuɗi a goshi suna faɗuwa, yaronmu da aka kada da safe shi ke bi yana tsincewa. Da muka ƙirga daga baya jika goma sha bakwai ne da dala hamsin, da naira ɗari biyar ta ɗaya daga cikin 'yan Daura. Shadda kam tara aka saya, tara aka raba. Ɗaya daga cikin masu shirya taron ya zo yana ta ba da haƙuri, ya ce da sun sani. Muka ce masa laifin ba nasu ba ne, sun tambaya, mu aka ba sanarwa, mu ne kuma maƙwabtansa. Tsohon mai jika ya cire sabuwar hular da aka ba shi ya laluba ya ɗora wa Baba a kai. Ta yi masa yawa. Da ita ya dawo gida, tasa a aljihu.

Wani abu ya tsaya mana a rai tun ranar. A Senegal ɗan kokowa ɗaya kan karɓi abin da ƙauye guda ba ya samu a shekara, a nan ma Alhamdulillahi mai takobi ba ya komawa gida hannu sake. Ba mu ƙi a ƙara ba. Amma ko ambulan ba a ba su ba, waɗannan mutane sunansu fa? Mun san wanda ya ɗauki takobi shekara bayan shekara tun 1975, yaro ma zai jero maka rabinsu. Ka ce a kawo maka jerin waɗanda suka raka su, ko na shekara ɗaya, ka ga inda za a tsaya. A gidan radiyonmu akwai kwali biyu na tsofaffin kasat a bayan kabad, zafi da gara sun gama da yawancinsu, kuma ba wani ya hana mu dubawa ba. Tsofaffin nan tara, goma da Baba, mafi ƙanƙantarsu ya haura sittin. Da makahon nan bai zo Matameye ba, ko da jikansa ya zaga da shi ta ɗaya gefen, da mun mayar da Baba gida a matsayin ɗan kallon da ya biya dala ɗari, mu ci gaba da "wai" ɗinmu.

Kuma dandalin da ya fitar da irinsu ya kusa zama kango. Da, in an gama girbi wata ya yi haske, unguwa da unguwa ake karawa, ƙauye ya tafi wa ƙauye da ganga. Yanzu kafin a gama ɗaure damma samari sun kama hanya. Ba mu ce kada a tafi neman abinci ba, mu ma 'yan uwanmu na can, da kuɗinsu ake cika rumbu a shekara irin ta bana. Amma ƙasar Kance ta san abin da tafiya ta ci mata, ba a manta da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada a Oktoban 2013 ba, yawancinsu mata da yara na yankin nan. Wanda ya rage a gari da daddare yana kan waya yana kallon kokowar wasu. Yaronmu da ya faɗi a ƙasa da minti ɗaya ba rago ba ne, a bidiyo ya koyi kokowa, bai taɓa samun wanda zai riƙe ƙugunsa ya ce masa nan ne kuskurenka ba.

Fanal ɗin ranar ɗan Mirya ne ya ci, ya kada ɗaya daga cikin baƙin Daura ana gab da magariba. Mun kawo muku, ba sai mun maimaita ba. Lokacin da muke naɗe wayoyi muka nemi Baba muka rasa. Can bayan mota muka same shi, ya tattare riga ya soke a wando, yana riƙe da wuyan yaron nan. "Sauke kai. Sauke. To, kawo ƙahwar. Ka gani? Ni da na kusa kabari na ɗauke ta." Yaron yana dariya yana jin kunya. Sau huɗu suka maimaita.

A hanyar dawowa duhu ya yi, kowa ya gaji. Muka yi ta maza muka ce, "Baba, ka yafe mana." Ya ce, "Da kuka yi me?" Muka ce maganar hoto da takarda, ta shekarun baya, a dandali. Ya yi shiru har muka wuce wani garke. Sannan ya ce, "Ai ku yara ne. Kuma gaskiyarku, hoton babu. An ɗauka, ba a ba mu ba." Sai ya ce in muna so mu kunna abin naɗin maganarmu, amma kada a sa sunansa, wanda ya san shi ya san shi, kuma kada mu tambaye shi zancen layu. Muka kunna waya. Minti 47 ya yi yana magana: yadda aka zaɓe su tun daga gari zuwa Matameye zuwa Damagaram, motar da ta kwashe su, abin da ake ba su su ci, sunayen abokan ɗakinsa guda shida da garuruwansu, da abin da ya dawo da shi, turmin atamfa ɗaya da ya ba mahaifiyarsa da 'yar radiyo mai pil huɗu. Mun kwafe muryar a wuri uku tun a daren.

Za mu sa muku kashi na farko ranar Alhamis bayan labaran ƙarfe takwas na dare, a filin wasanni. Mun kuma karɓi kwatancen gidan tsohon nan mai jika, ranar kasuwa mai zuwa in Allah ya kai mu za mu je masa da mikoro, daga shi sai sauran takwas ɗin. Wanda ke da tsohuwar kasat ta kokowa a gida, ko hoto ko da ya cinye a gefe, ko ya san wani dattijo a Daushe, Kurni, Tsawni, Ɗan Barto ko wani ƙauye da ya taɓa shiga ekip ɗin jiha, ya kawo mana gidan radiyo ko ya ba direban motar kasuwa saƙo. Za mu kwafa mu mayar muku da abinku.

Jiya bayan la'asar mun bi ta bayan gidan Baba. Yaron nan na can a kan rairayi, ya zo da wasu uku. Baba na zaune a kan turmi da hular da ta yi masa yawa. Muka tambaye shi yaya ɗalibai. Ya ce har yanzu yana ba da ƙafar.